Bazara a Kartum Tare da Ɗaliban Coci

A Kartum, babban birnin Sudan, rana ce ke raba wa mutane aiki. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni zafi kan haura digiri 40 kusan kullum, wani lokaci ya kai 45, saboda haka duk wanda zai tara baƙi su yi karatu a wannan tsakani, sai ya fara sanin yaushe rana ke bari a fita, yaushe take hanawa. A bazarar 2017 na raka wasu ɗalibai Kiristoci daga arewacin Najeriya da Nijar zuwa wani shirin hutu da wata majami'a ke gudanarwa a birnin. Da safe a koyi Larabci da karatun Littafi Mai Tsarki a cikinsa, da yamma a taimaka a makarantun coci na bayan gari. Mun tarar da 'yan Habasha da Eritiriya da Kenya da Yuganda, da ɗaiɗaikun 'yan Koriya da Turawa. Ni nawa aikin shi ne takardu da ciki da lafiyar 'yan tawagarmu, don haka na fi sanin wuraren da shiri irin wannan ke tsinkewa.

Tun daga gida yake fara tsinkewa, a kan takarda. Biza ba ta fitowa sai da wasiƙar gayyata daga masu masauki, su ma sai sun bi da ita ta hannun hukuma a can, kuma wannan kan ci makonni. Wanda ya sayi tikiti kafin amincewa ta iso ya yi kasada da kuɗinsa. Katin rigakafin shawara kowa ya san da shi. Abin da Kiristan Najeriya ke mantawa shi ne ziyarar Urushalima. A wancan lokaci Sudan ba ta karɓar fasfon da ke ɗauke da alamar Isra'ila, kuma ba lallai sai bizar Isra'ilan ba, hatimin Masar na kan iyakar Taba ma ya isa ya tona asiri. Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara a duba fasfonsa shafi-shafi, in da alama ya yi sabo. Bayan sauka kuma akwai rajistar baƙi, wadda doka ta ce a yi cikin kwana uku: fasfo, da kwafinsa, da ƙananan hotuna, da wasiƙar mai masauki mai hatimi, da kuɗin rajista. Ofisoshi ba sa aiki Juma'a da Asabar, saboda haka tawagar da ta sauka daren Alhamis ta ci kwana biyu a banza. Gara a sauka Lahadi ko Litinin. Kowane ɗalibi ya zo da hotuna goma sha biyu da kwafin fasfo goma, domin layin waya zai ci ɗaya, izinin fita gari da na ɗaukar hoto su ci wasu, shingayen hanya su lashe sauran.

Kuɗi a hannu ake zuwa da su. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997 ba a ɗage shi ba sai Oktoban 2017, don haka katin Visa ko Mastercard ba ya fitar da ko sisi. Dala ake riƙowa, sababbi, marasa yaga ko rubutun biro, don mai canji yakan ƙi tsohuwar takarda ko ya rage mata daraja. Canjin bayan fage laifi ne, shi ya sa muka hana ɗalibai tsayawa da masu raɗa a kasuwar Suk Arabi, muka riƙa bin shawarar masu masauki, ana canza na mako ɗaya-ɗaya tunda kuɗin ƙasar faɗuwa yake yi. Takunkumin ya shafi waya ma, wasu manhajoji ba sa saukuwa. Ƙamus da taswira da Littafi Mai Tsarki na Larabci a sauke su tun a Kano. Layuka uku ne, Zain da MTN da Sudani. Soket ɗin bango mai zagayen rami ne, filogin Najeriya ba ya shiga sai da adafta.

Masaukinmu gida ne irin na Sudan, ɗakuna a gefe, tsakar gida mai faɗi, maza da ɓangarensu, mata da nasu. A tagar kowane ɗaki akwai wani akwatin ƙarfe da suke kira mukayyif, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san cikinsa tun ranar farko. A gindinsa akwai kwanon ruwa da ɗan famfo mai tura ruwan sama, ya zubo ta cikin tabarmin ƙaiƙayin itace da ke ɓangarori uku, sai fanka ta jawo busasshiyar iskar waje ta ratsa jiƙaƙƙen tabarmin ta huro ɗaki. Ɗalibi sabon zuwa yakan kulle ƙofa da tagogi ruf, wai ya tsare sanyi, sai ɗakin ya cika da laima ya fi waje takura. Dole a bar wata kafa iska ta fita. In ruwan kwanon ya ƙare cikin dare, famfon ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Gishirin ruwa da ƙura kuma sukan toshe tabarmin, iska ta daina ratsawa, don haka duk mako a wanke shi a zubar da ruwan kwanon, in ba haka ba sauro ya samu gida. Da damina ta kankama a ƙarshen Yuli, iska ta yi nauyi, amfaninsa kan ragu ko da lafiyarsa ƙalau. Idan wuta ta ɗauke, kuma tana ɗaukewa sosai a bazara, sai a fito da angareb, gadon katako mai saƙar igiya, a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a ɗaura gidan sauro. Bayan mako na farko yawancin ɗalibai sun fi son kwanan waje ko da wuta.

Ruwan tankin da ke kan rufi kafin azahar ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. Da dare ake cika bokitai a ajiye a inuwa, da su ake wankan rana. A ƙofar gidaje da masallatai za ka ga randuna jere da moɗa, sadaka ga mai wucewa. Al'ada ce mai kyau ƙwarai, sai dai a shekarar ana fama da amai da gudawa a jihohi da dama, shi ya sa muka kafa doka: ruwan gida kaɗai, wanda aka tafasa ko aka sa wa ƙwayar kulorin, kowa da gorarsa. Idan Shuɗin Nilu ya cika da damina, ruwan famfo kan zo ja da laka. A tara a baro, a sa alif, a bari ya kwanta, sannan a tafasa. Lita huɗu zuwa biyar a rana ga kowane ɗalibi. Busasshen zafi mayaudari ne, zufa na bushewa kafin a gan ta, mutum ba ya sanin ya rasa ruwa sai kai ya fara sarawa. Alamar da na ce su riƙa dubawa ita ce fitsari, in ya yi duhu ko ya yi ƙaranci a zauna a sha. Ruwan gishiri da sukari kuwa, lita ɗaya ce ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda jikinsa ya yi zafi rau har ya fara tangaɗi ko sambatu, wannan ya wuce gida: a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nufi asibiti. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a sha magani, domin bugun rana da maleriya da taifod duk da ciwon kai suke sallama.

Agogon Sudan a lokacin yana gaban na Najeriya da awa biyu, sai a Nuwamban shekarar aka mayar da shi baya da awa ɗaya, don haka rana ba ta fitowa sai bayan shida. Ƙarfe shida muke addu'ar safe a tsakar gida, Zabura ɗaya da Larabci, waƙa ɗaya daga ƙasar da juyi ya zo kanta, sai Addu'ar Ubangiji kowa da harshensa a tare. Daga nan shayi da madara da zalabiya, wani irin fanke. Bahaushe kan ɗauka wannan ne karin kumallon, ya ɓata rai. A'a, fatur na nan tafe wajen goma zuwa sha ɗaya, kuma ful ne: wake mai faɗi da aka kwana ana dafawa a tulun ƙarfe mai ƙaramin baki, a farfasa shi da gindin kwalba, a zuba man riɗi da gishiri da albasa da tumatir da farin cuku, mutum biyar ko shida su kewaye kwano ɗaya da burodi. Yana riƙe ciki har la'asar. Abincin rana wajen uku ko huɗu ne, kisra da miyar busasshiyar kuɓewa, ko asida, wadda ɗan Kano ba ya bukatar a gabatar masa da ita. Kisra falle ce siririya mai tsami, domin ƙullun dawar an bar shi ya kwana. 'Yan Koriya sun sha fama da ita, namu kuwa kukansu rashin yajin gida ne. A zo da dakakken yaji da daddawa a jaka, suna raba gardama da yawa.

Aji daga bakwai da rabi ne zuwa ɗaya, da hutun fatur a tsakiya. Rabin farko Larabcin littafi, rabin ƙarshe darijiyya, wato na titi da kasuwa. Makon farko haruffa 28 ne da siffofinsu a farko da tsakiya da ƙarshen kalma. Littafin karatu Bishara ce a fassarar Van Dyck ta 1865, wadda majami'u masu Larabci da yawa ke sujada da ita, kuma amfaninta ga sabon shiga shi ne an yi mata wasula gaba ɗaya. Da Markus aka fara, saboda labarinsa na tafiya da sauri.

A ajin nan Bahaushe kan ba sauran rata da wuri. Ya saba raba namiji da mace a magana, ya saba da jam'in da ke sauya cikin kalma, sunayen ranaku da ƙirga daga ashirin zuwa casa'in duk a bakinsa suke, wanda ya tashi kusa da makarantar allo ma ya san haruffan da ido. Wajen mako na uku ne ratar ke juyewa ta zama cikas. Yana furta kalmar Larabci yadda Hausa ta lanƙwasa ta, haruffan maƙogwaro huɗu ya haɗe su su zama ɗaya ko biyu, malami kuma in ya gaji ya ƙyale shi tunda ana gane abin da yake nufi. Wanda aka ƙyale a nan, haka zai hau mumbari wata rana yana karatu jama'a na sunkuyar da kai. Maganin da na ga ya yi aiki shi ne kullum ɗalibi ya ɗauki muryarsa a waya yana karanta ayoyi biyar, ya saurara kusa da ta malami, minti goma sha biyar kawai. Sababbin kalmomi goma sha biyar a rana sun isa. Masu haddar hamsin kafin Lahadi sun zubar. Sai aikin titi: kowace yamma a ba mutum saƙo guda, ya sayo sabulu, ko ya tambayi motar Bahri, ko ya yi cinikin kankana, gobe ya ba da labari a aji.

Cikin azumi muka iso, wanda a shekarar ya faro ƙarshen Mayu. Gidajen abinci a rufe suke da rana, mata masu shayin bakin titi ba sa fitowa sai dare. Ɗalibai na ci da sha a cikin gida, amma ba a shiga mota da gora a hannu ana kurɓa, a jaka take zama. Da magariba ta gabato, mazan kowace unguwa kan shimfiɗa tabarmi a bakin titi, kowane gida ya fito da tirensa, a tare duk mai wucewa, har motoci ake tsayarwa a manyan hanyoyi. Ba mai tambayar addininka. A nan ake shan hilu-mur, wanda ake yi da tsirarriyar dawa da kayan ƙamshi, a toya falle-falle, a jiƙa a tace, ga kuma zoɓo da tsamiya da ruwan 'ya'yan kuka. Na ce da ɗalibai kada su ƙi. A zauna, a ci da dama, in an tashi salla a koma gefe a natsu har a idar, sannan a yi godiya a tafi. Rabin awa kafin shan ruwa kuma kada a tsallaka babban titi, direbobi gida suke nema.

Ga ɗalibanmu akwai gida na biyu a Kartum wanda sauran baƙin ba su da shi. Hausawa sun daɗe a Sudan, ta hanyar aikin Hajji a ƙafa, da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka ƙara riƙe wasu. A lokacin akwai su a Wad Madani da Gadarif da Kasala da Bur Sudan, da unguwannin kudancin Kartum irin su Ingaz da Mayo. Hanya mafi sauƙi ta samunsu ita ce ƙamshin agashe da dare, nama yankan falle, a turmuɗa shi cikin garin ƙuli da yaji, a gasa a garwashi, a ba ka da albasa da lemun tsami.

Wani dare wani ɗalibinmu ya yi wa mai agashe sallama da Hausa. Saurayin ya ajiye wuƙa ya ce daga wane gari, ya ce Zariya, nan take aka kira mahaifinsa daga cikin gida. Dattijon bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa tsohuwa ce mai ƙamshin Sakkwato, Larabci na shigowa tsakani. Ya tambayi damina, ya tambayi farashin gero, ya hana a karɓi kuɗin naman. Ana cikin haka aka kira lisha.

"Ɗana, ga buta," in ji shi.

"Baba, na gode. Ni Kirista ne, zan jira ku a nan."

Dattijon ya dube shi na ɗan lokaci. "Bahaushe?"

"Bahaushe, Baba, iyaye da kakanni."

"To, madalla. Zauna ka tsare mana wuta."

Da suka dawo sai tambayoyi, na son sani, ba na gardama ba, har aka kai ga Wusasa, tsohon mazaunin mishan a Zariya, da cewa tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Amsar da yaron ya bayar ita nake so kowane ɗalibi ya riƙe, kuma ya faɗe ta tun zuwan farko. Wanda ya yi ta kame-kame, yau ya ce ciki ke ciwo, gobe ya ce ya riga ya yi, ran da gaskiya ta fito mutanen da suka ciyar da shi za su ga yaudara ce, kuma da gaskiyarsu. Unguwar tana da wani haɗarin daban, mai daɗi: ɗalibin da ya mayar da ita wurin hirar kowane dare, Larabcinsa tsayawa yake cik. Sau biyu a mako muka yarda, da sharaɗin samarin wurin su riƙa yi musu Larabci, Hausa ta shigo in an kakare. Samarin nan sun fi kowa iya koyar da namu, domin sun san daidai inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa, kuma masu masauki sun zaunar da mu a kanta tun daren farko. Sashe na 126 na dokar laifuka ta 1991 ya tanadi kisa ga wanda ya bar Musulunci, ba a soke shi ba sai 2020. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 an kori baƙi Kiristoci da dama daga ƙasar. Baƙon da ya raba takardun wa'azi a titi, shi dai a sa shi a jirgi ya koma gida, faston da ya sa hannu a wasiƙar gayyatarsa shi zai zauna da abin da ya biyo baya. Saurayi mai zafin bishara yana bukatar a faɗa masa wannan ƙarara, ba da habaici ba. Mata su sa dogon siket ko zane, da riga mai hannu, da mayafi a kafaɗa, domin 'yan sandan ɗa'a na aiki a lokacin. Giya haramun ce a lokacin, tun 1983. Ba a ɗaukar hoton gada, ko filin jirgi, ko fadar shugaban ƙasa, ko mai kaki.

Daga ɗaya zuwa biyar ba mai fita. Bayan biyar ake tafiya makarantun coci na Hajj Yusuf da Umbadda da makamantansu, inda yawancin yaran 'ya'yan mutanen Duwatsun Nuba ne da na Kudu waɗanda yaƙi ya koro. Uku-uku ake tafiya, da ɗan gari ɗaya a kowace ƙungiya. Bas ce mafi araha. Yaron mota na ƙyasta yatsu in yana neman kuɗi, kai ma yatsu za ka ƙyasta in za ka sauka. Raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta cikin unguwa ce, ba ta tsallaka gada. Amjad ƙaramar motar shata ce, a gama ciniki kafin a shiga. Ajin sau da yawa rumfa ce ko ɗakin laka mai rufin kwano, yara hamsin ko fiye a benci da ƙasa. A riƙo alli da ɗan allon hannu, darasi kada ya wuce minti talatin, Turanci da lissafi cikin waƙa da tafi. Kada a raba alewa ko biro da hannu, rububi zai tashi, ƙananan ne za a tattake, gobe kuma rabin yaran don alewa za su zo. Duk kyauta a damƙa wa shugaban makaranta.

Lahadi ranar aiki ce a Sudan, kuma wannan kan dami sabon zuwa, ya ji hayaniyar kasuwa da motocin makaranta a safiyar da ya saba jin ƙararrawa. Shi ya sa sujadar yamma ta fi cika. Gini ɗaya kan ɗauki jama'a kala-kala a jere, masu Larabci su fito, masu Turanci su shiga, bayansu masu Moro ko Dinka ko Tigirinya, don haka fasto ba ya da damar jan wa'azi, na gaba na bakin ƙofa da gangunansu. Mun zagaya: babbar majami'ar Katolika ta Matiyu mai tsarki a bakin Nilu, wadda aka gama a 1908, a birnin da Bishop Daniel Comboni, ɗan mishan ɗan Italiya, ya rasu a 1881, da ta Ƙibɗawa, inda ake daɗewa a tsaye cikin turare, maza gefe mata gefe, da ƙananan majami'un Nuba, inda ɗalibanmu suka fi sakewa. Akwai dalili. Mishan ɗin SUM da ta haifi majami'ar COCIN a Najeriya ita ce ta yi aiki a Duwatsun Nuba, mishan ɗin SIM da ta haifi majami'ar ECWA ita ma tana da 'ya a Sudan, saboda haka tsarin sujada da muryoyin waƙoƙi da yawa ɗan Jos ko Kagoro ya san su tun yana yaro. A ranar 30 ga Yuli kuma Akbishop na Kantabiri, Justin Welby, ya zo Kartum aka ƙaddamar da ikkilisiyar Angilikan ta Sudan a matsayin lardi mai cin gashin kansa, Ezekiel Kondo na shugabanta.

Habub, wato guguwar ƙura, kan zo ne da yamma, daga Mayu zuwa farkon damina. Za ka hango katangar ja daga nesa ta tokare sama, tsakanin ganinta da isowarta mintoci ne. A kashe mukayyif tukuna, in ba haka ba shi zai shigo da ƙurar ya mayar da ita laka. A kulle tagogi, a toshe ƙarƙashin ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, a kwashe shanya, a rufe randa da abinci, kwamfuta a jaka. Wanda ta riska a waje ya shiga shago mafi kusa, ya nisanci allunan talla da kwanon rufi. Mai asma maganinsa a aljihu yake kwana, kuma ya zo da na ajiya daga gida.

Juma'a ranar yawo ce. An je Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa kowanne da launinsa, an je kasuwar Umdurman, an kalli kokawar Nuba a Hajj Yusuf da zikirin 'yan Ƙadiriyya a Hamad al-Nil. Wurin da na fi son kowane ɗalibi ya daɗe shi ne benen gidan tarihi na ƙasa. A nan aka ajiye zanen bangon majami'ar Faras, wanda masana 'yan Poland ƙarƙashin Kazimierz Michałowski suka ɓamɓaro tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin. Akwai babban zanen haihuwar Almasihu, akwai na Shadrak da Meshak da Abednego a cikin wuta, mala'ika Mika'ilu ya tsare su. Daulolin Nubiya uku, Nobatiya da Makuriya da Alwa, sun karɓi Kiristanci a ƙarni na 6, suka riƙe shi ɗaruruwan shekaru, kangon Soba, babban birnin Alwa, na nan a gefen Kartum. Yaron da aka saba ce masa addininsa jiya Bature ya kawo shi Afirka, ya kamata ya tsaya gaban bangon nan. Dalar Marawi ta Bajarawiyya kuwa, wato kaburburan sarakunan tsohuwar daular Marawi, tafiyar kimanin kilomita 200 ce arewa, a kan hanyar Shandi. Daga wannan daula sarauniya Kandaka take, wadda ma'ajinta ya haɗu da Filibus a Ayyukan Manzanni sura 8. A tashi ƙarfe huɗu na asuba, da kwafin izinin tafiya na kowane shinge, da jarkar ruwa, a bar wurin kafin goma da rabi. Babu inuwa ko ta kirki, yashin kuma na ratsa takalmin roba.

Tun 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ci Kartum, an wawashe gidan tarihin nan, an lalata majami'u da masallatai da makarantu, jama'ar unguwannin da na ambata sun watsu. Ɗaliban Najeriya da ke birnin, waɗanda yawancinsu a jami'o'i suke, a motoci aka kwashe su, wasu zuwa iyakar Masar inda suka yi kwanaki suna jira, wasu ta Bur Sudan, waɗanda ba fasfo a hannunsu sai da aka yi musu takardar tafiya ta gaggawa. Duk majami'ar da za ta tura yara shiri irin wannan, a kowace ƙasa ce, da zarar an gama rajista a mayar wa kowa fasfonsa, kada jagora ko ofis ya tara su a durowa. Kowane ɗalibi ya ɓoye dala ɗari biyu ƙanana da ba ta cefane ba, ya rubuta lambar ofishin jakadanci da ta mai masauki da ta gida a takarda, ban da wadda ke cikin waya. Jagora kuma ya san hanyar ƙasa guda biyu ta fita daga birnin, da direban da zai amsa kira ko ƙarfe nawa ne.